Taswirorin Sojan Ruwa Shida na 1944: Inda Aikin Ya Kwana

9 ga Nuwamba, 2024

Aikin da na ɗauko shi ne in buga wasu taswirori shida na Yaƙin Duniya na Biyu a ainihin girmansu, in rubuta wa kowacce bayani da Hausa, a rataye su a ɗakin karatun unguwarmu inda 'yan sakandare suke zuwa bita da yamma. A nan zan riƙa rubuta inda aka kwana, don wanda ya yi sha'awar yin irinsa ya san inda wahalar take tun kafin ya zuba kuɗinsa.

Rundunar sojan ruwan Amurka ce ta fitar da taswirorin a 1944, ta sa musu suna NavWarMap, lamba 1 zuwa 6. Sashen ilmantarwa na ofishin da ke kula da ma'aikatan rundunar a Washington ne ya shirya su. Ta farko Bahar Rum ce, ta biyu yankin Tekun Kudancin Sin, ta uku Tekun Arewa da gaɓar Turai, ta huɗu arewacin Fasifik, ta biyar kudu maso yammacin Fasifik, ta shida kuwa duniya ce gaba ɗaya. Kowacce ta kai kusan mita ɗaya a tsaye da mita ɗaya da rabi a kwance.

Babu kyaftin ɗin da zai kama hanyar teku da su, don ba domin tuƙi aka yi su ba. Fastoci ne na koyarwa, masu launi mai ƙarfi, da kibiyoyi masu kauri, da zanen jiragen ruwa da na sama, da ɗan gajeren rubutu nan da can. Dalilin yin su yana cikin lissafi. A 1940 sojan ruwan Amurka ba su kai dubu 200 ba, amma zuwa 1945 sun haura miliyan 3. Yawancin sababbin samari ne daga gona da masana'anta da aji, waɗansu ba su taɓa ganin teku ba sai da aka sa musu kaki. Irin wannan yaro aka ce masa jirginsa ya nufi wani tsibiri da ko malaminsa bai taɓa jin sunansa ba, dole a nuna masa inda wurin yake da abin da ya sa ake mutuwa a kansa. Shugaban ƙasarsu ma, Roosevelt, da zai yi jawabi ta rediyo ranar 23 ga Fabrairu, 1942, sai da ya ce wa jama'a kowa ya shimfiɗa taswirar duniya a gabansa tukuna. Sojan ƙasa suna da tasu fosta mai fitowa mako-mako, Newsmap, daga 1942 zuwa 1946. Turawan Ingila su ma suna da hukumar da ke wayar wa sojansu kai tun 1941. Na sojan ruwan nan ne dai suka kama idona, saboda kyansu.

16 ga Nuwamba

Na samo hotunan. Tarin taswirori na David Rumsey, wanda ke haɗe da Jami'ar Stanford, yana ba da damar sauke manyan hotuna kyauta, kuma aikin gwamnatin tarayyar Amurka ba shi da haƙƙin mallaka, saboda haka babu wanda za a biya ko a nemi izininsa kan ainihin zanen.

Wanda zai bi sahuna ya fara da wannan lissafin. Idan za ka buga abu mai mita ɗaya da mita ɗaya da rabi, kuma kana so ƙaramin rubutu ya karantu daga kusa, kana bukatar aƙalla ɗigo 150 a kowane inci. Wato hoton ya kai wajen ɗigo 5,900 a tsaye da 8,900 a kwance. Ƙananan hotunan da ake yawo da su a Facebook ba za su yi ba, ko da a waya sun fito tas. Da an miƙa su sai sunayen garuruwa su dagule. Manyan kuwa suna cin data, sai da na bari dare ya raba sannan na sauke su.

Da na buɗe ta uku a kwamfuta na matso da ita sosai, sai ga layin ninki a jikin takardar, inda launi ya ɗan koɗe, kuma a mahaɗar ninki biyu takardar ta yi wani fari-fari. Wani ƙanena da ya iya gyaran hoto ya ce, "Yaya, bar ni da ita, kafin la'asar na goge maka duka." Na ce a'a. Takarda ce da aka ninke aka tura, aka buɗe aka kafa, kuma ta shekara tamanin. Ina so yaro ya ga haka tun daga bakin ƙofa. Abin da na yarda ya yi shi ne ya daidaita gefuna inda hoton ya karkace, ya yanke baƙin da ke kewaye.

30 ga Nuwamba

Gwajin farko a shagon masu buga fosta. Mai injin mutumin kirki ne, amma aikinsa na kullum banar biki ce da ta 'yan siyasa, shi ya sa hannunsa ya saba da ƙara wa launi wuta. Ya yanko wani ɓangare na taswira ta huɗu ya buga a fuleks. Tekun ya fito shuɗi mai ƙyalli, ja kuma ya rinjayi komai. Ga shi fuleks yana mayar da hasken fitila, mai karatu sai ya yi ta kauce-kauce kafin ya ga rubutu.

"Malam, ai haka mutane suke so," in ji shi.

Na ce, "Maigida, wannan ba ta ɗaurin aure ba ce. Yadda ka gan ta a kwamfuta, haka nake so ta fito, har da tsufanta."

Ya yi dariya, ya ɗauko wani yanki na kambas mara ƙyalli, ya rage launin. Da ya fito daga injin muka shimfiɗa shi a kan benci, duk muka yi shiru muna kallo, har yaron shagon ya sa yatsa yana bin wata kibiya daga Japan zuwa Hawai. Kambas ya fi fuleks tsada nesa ba kusa ba, don haka ba za a buga duka shida a tashi ɗaya ba. Biyu-biyu za mu yi, yadda aljihu ya ba da hali.

14 ga Disamba

Ta ɗaya da ta uku sun fito. Na gama rubuta bayanin ta ɗaya, Bahar Rum, kuma na tsayar wa kaina ƙa'ida: kowane bayani shafi guda ne, da manyan haruffa, ya amsa tambaya ɗaya tak. Tambayar wannan ita ce, me ya sa aka yi ta kashe juna a kan wannan tekun?

Amsar tana cikin siffarsa. Ƙofa biyu gare shi. Ta yamma mashigin Jibralta, wanda faɗinsa a inda ya fi matsewa bai wuce kilomita 14 ba, ta gabas kuma mashigin Suwez. A tsakiya ya tsuke tsakanin Sisili da Tunisiya, kuma kusa da wannan matsatsin ne ɗan tsibirin Malta yake, kilomita casa'in da 'yan kai daga Sisili. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, hanyar ta zama ta mutuwa ga jiragen dakon kayan Birtaniya. Kayan da za a kai wa sojansu a Masar sai sun zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu su hauro ta Bahar Maliya, tafiyar da ta ninka ta Bahar Rum fiye da sau uku. Jirgi ɗaya ke nan yana yin aikin da bai kai sulusin nasa ba.

Misali ɗaya na sa a shafin, na watan Agusta 1942. Jiragen dakon kaya 14 suka shiga ta Jibralta da rakiyar manyan jiragen yaƙi don kai wa Malta abinci da mai. Biyar ne suka isa. Cikinsu har da tankar mai da ake kira Ohio, wadda ta sha duka har ta kasa tafiya da kanta, sai da aka ɗaure ta tsakanin wasu jiragen yaƙi biyu aka shigo da ita tasha. Daga nan na jero kwanakin da kibiyoyin ke nufi: saukar sojan Amurka da Birtaniya a Kasabulanka da Oran da Aljiyas ranar 8 ga Nuwamba, 1942, miƙa wuyan sojan Jamus da Italiya sama da dubu 200 a Tunisiya a Mayun 1943, Sisili a Yuli, sai gaɓar Italiya, Salerno a Satumba, Anziyo a Janairun 1944. Idan yaro ya fahimci ƙofofin nan biyu da matsatsin tsakiya, sauran kwanakin za su zauna masa da kansu.

28 ga Disamba

Ta uku ce ta fi ɗaukar yara, ita ce kuma ta fi ba ni aiki.

Abin da ke jan su shi ne farautar Bismarck, babban jirgin yaƙin Jamus, wadda aka zana hanyarta a jikin taswirar. Labari ne mai daɗin bi da yatsa. Jirgin ya bar tashar Gotenhafen a tsakiyar Mayun 1941, ya raɓa gaɓar Norwe, ya zagaya ta arewacin Ayislan, ya kutsa ta mashigin da ke tsakanin Ayislan da Girinlan. A can ranar 24 ga wata ya yi arba da jiragen Birtaniya, ya nutsar da Hood cikin 'yan mintuna. Ya ɓace musu, suka sake gano shi ya nufi Faransa. Ranar 26 wasu tsofaffin jiragen sama masu fiffike biyu, ƙirar Swordfish, suka tashi daga jirgin Ark Royal, ɗaya daga cikin makamansu ya lalata masa abin juya akala. Ya kasa miƙewa, ya kwana yana kewaye. Da safiyar 27 ga wata aka gama da shi.

Na shimfiɗa taswirar a kan tebur don ba a rataye ta ba tukuna, yara suka kewaye. Wata yarinya 'yar aji biyar ta bi layin har inda ya tsaya, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, to mutanen ciki fa?"

Tambayar da ta sauya mini tsarin bayanan ke nan. Hood yana ɗauke da mutum 1,418, uku suka rayu. Bismarck sama da mutum dubu biyu ya tafi da su, ɗari da 'yan kai aka tsamo. Scharnhorst, wani jirgin Jamus da aka nutsar a can ƙuryar arewacin Norwe ranar 26 ga Disamba, 1943, cikin duhu da ruwan ƙanƙara, mutum 36 aka ceto daga kusan dubu biyu. Kibiya ba ta ɗaukar gawa. Kuma ban ga laifin masu zanen ba. Fosta ce da za a kafa wa saurayin da gobe zai hau irin wannan jirgi ya bi irin wannan ruwa, aikinta ta ba shi ƙarfin gwiwa. Yaran da za su kalle ta a ɗakin karatunmu kuwa ba jirgi za su hau ba, ba su da bukatar a lallashe su. Yanzu kowane shafin bayani yana da layi biyu ko uku a ƙasa na adadin waɗanda suka mutu, daga kowane ɓangare.

A shafin ta uku na ƙara batun jiragen da ke kai wa Rasha kaya ta Murmansk da Arkanjel. Na bayyana wa yaran tsarin da ayarin fatake: ba a tafiya ɗai-ɗai, ana jiran juna a tasha, a tashi tare da masu rakiya a gefe, a yi tafiyar mafi rauni a cikinsu. Ayarin da ake kira PQ-17, a Yulin 1942, an ba shi umarnin ya watse bisa tsoron manyan jiragen Jamus sun taso. Da ya watse sai jiragen ƙarƙashin ruwa da na sama suka riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Cikin talatin da 'yan kai, 11 suka kai. Matuƙansu yawanci fararen hula ne, ma'aikatan kamfanonin sufuri.

11 ga Janairu, 2025

Kafinta ya kawo katakon rataya. Siririn katako biyu a sama suna matse kambas ɗin, biyu a ƙasa don nauyi, igiya a baya, irin na taswirorin aji na da. Na ƙi gilashi saboda nauyi da tsada, kuma yara za su taɓa, ni ma so nake su taɓa. Hazon bana ya yi yawa, ƙura na kwanciya a kambas fiye da yadda take yi a fuleks. Busasshen tsumma mai laushi yana ɗauke ta. Kada a sa ruwa.

25 ga Janairu

Ta biyu da ta huɗu sun fito. Ta biyu, Tekun Kudancin Sin, na zaci ita ce za ta fi nisa da mu. Ashe ita ce ke da igiyar da ta iso har Jos.

Tambayar shafinta ita ce, me Japan ta zo nema? Ƙasa ce mai masana'antu da manyan jirage, amma ba ta da man fetur na kirki a gida. Da Amurka ta toshe mata mai a tsakiyar 1941 saboda mamayar da take yi a Sin da Indocin, sai ta juya kudu, inda rijiyoyin mai suke a Sumatara da Borniyo, roba da kuza kuma a Malaya. Sauran ya zo da sauri mai ban tsoro. Ranar 10 ga Disamba, 1941, jiragen saman Japan suka nutsar da manyan jiragen yaƙin Birtaniya biyu, Prince of Wales da Repulse, a gabashin Malaya. Hong Kong ta faɗi ranar Kirsimeti. Singafo, wadda Turawa suke taƙama da ita, ta miƙa wuya ranar 15 ga Fabrairu, 1942, aka kama soja kimanin dubu 80. Filifin ta biyo baya a Afrilu da Mayu.

To, da kuzan Malaya ya kuɓuce wa Birtaniya, sai idonta ya dawo kan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa ɗebo maza daga lardunan Arewa ta hannun hukumomin gargajiya, ana kai su haƙar kuza ala tilas. Shi ne abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna. Dubun-dubatar mutane aka ɗiba, talakawa manoma, aka kai su inda sanyi ya fi na garinsu, ga ƙarancin abinci da muhalli. Da yawa sun gudu, waɗansu sun mutu a can. Na rubuta wannan a ƙasan shafin, kuma shi ne sakin layin da na fi daɗewa a kansa cikin duk aikin zuwa yanzu. Saurayin Amurka na 1944 ya kalli wannan taswira ya ga arzikin da abokan gaba suka kama. Yaron Kano na 2025 zai iya kallonta ya ga abin da ya raba kakan kakansa da gonarsa damina guda.

8 ga Fabrairu

Ta huɗu darasinta nisa ne. Yaranmu, kamar samarin can, ba su da ma'aunin teku a kansu. Na gwada faɗin kilomita, bai shiga ba, sai na auna musu da hanyar da suka sani. Daga San Faransisko zuwa Hawai kimanin kilomita 3,900 ne, ya fi daga Kano zuwa Jidda. Kuma nan ne aka fara, don daga Hawai zuwa Tokyo akwai wasu sama da 6,000 a gaba. Duk harsashi da buhun fulawa da gangar mai sai sun ratsa wannan ruwa. Wani yaro ya ce, "Ashe yaƙin dako ne." Na ce ya rubuta wannan a littafinsa.

Kwanakin shafin ba su da wuya: harin Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, inda Amurkawa sama da 2,400 suka mutu, harin da jiragen sama 16 suka kai Tokyo daga kan jirgin Hornet a Afrilun 1942, sai yaƙin tsibirin Midway, 4 zuwa 7 ga Yuni, inda Japan ta rasa manyan jiragenta huɗu masu ɗaukar jiragen sama, Amurka ta rasa Yorktown. Na sa Kiska ma, don yara su ga yaƙi yana da nasa abin kunya. A Agustan 1943 sojan Amurka da Kanada sama da dubu 30 suka auka wa wannan tsibiri na Alaska, suka tarar babu kowa. Japanawa sun kwashe mutanensu cikin hazo tun makonni biyu da suka wuce.

Akwai abin da fostar 1944 ba ta isa ta faɗa ba ko da masu zanenta sun sani. Nasarar Midway ta faro ne daga wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a Hawai, inda Joseph Rochefort da mutanensa suka warware wani ɓangare na saƙonnin sirrin sojan ruwan Japan, suka gaya wa Admiral Nimitz, babban kwamandan sojan ruwan Amurka a Fasifik, inda za a kawo hari. Haka nan a Atlantika, karanta saƙonnin sirrin Jamus da ake yi a cibiyar Bletchley Park ta Ingila bai fito fili sosai ba sai a 1974. Wanda ya koyi yaƙin daga fastocin nan kaɗai zai ɗauka jarumta da yawan jirage ne suka yi komai.

Na kuma tsaya a kan su wa suke tsayawa gaban fostar a wancan lokaci. Rundunar ta raba fari da baƙi. Har zuwa 1942 baƙar fata ba ya samun aiki a cikinta sai na kicin da hidimar hafsoshi, kuma sai a Maris 1944, shekarar da aka buga taswirorin, aka naɗa baƙaƙen fata 13 na farko a matsayin hafsoshi. A Yulin wannan shekara makamai suka fashe a tashar Port Chicago da ke Kalifoniya, mutum 320 suka mutu, kusan kashi biyu cikin uku baƙaƙen fata ne da aka sa aikin lodi. Wannan zai shiga shafin gabatarwa na bakin ƙofa, don bai shafi taswira ɗaya ita kaɗai ba.

22 ga Fabrairu

An yi gardama a kan ta shida, tun ba a buga ta ba.

Wani dattijo a unguwarmu, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, ya ji labarin aikin ya zo da kansa. Na nuna masa taswirar duniyar a kwamfuta. Ya sa tabarau, ya ce in nuna masa Legas, in nuna masa Bombay, in nuna masa Bama. Ya daɗe yana duban tazarar. Ya ce mahaifinsa bai cika maganar daji ba, abin da yake yawan faɗa shi ne ruwa, wai sun yi makonni ba su ga ƙasa ba har waɗansu suka ɗauka an sayar da su ne.

Sannan ya ce, "Malam, ka sa musu kibiya mana. Tasu ma tafiya ce."

Na ce, "Baba, a jikin wannan ɗin?"

Ya ce, "To a ina? Ba kai ke bugawa ba?"

Maganarsa tana da ƙarfi. Runduna ta 81 ta Yammacin Afirka, wadda Birtaniya ta kafa a 1943, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan da ke Bama, inda mota ba ta shiga, kaya a ka ake ɗauka, abinci kuma daga sama ake jefo musu. Runduna ta 82 ta bi ta Arakan, su biyun suka haɗu wajen kama garin Myohaung a Janairun 1945, sunan da har yau wani barikin soja a Legas yake ɗauke da shi. Wata birged ta 'yan Najeriya ta shiga cikin dakarun Chindit, masu kutsawa bayan layin Japanawa a dajin Bama, a 1944. Ga kuma hanyar sama. Tun 1940 ake kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su, a tashi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena a yanzu, a ratsa Sudan zuwa Khartum, a gangara Alƙahira. Jirage sama da dubu biyar suka bi wannan hanya, kuma rufewar Bahar Rum da ke shafin taswira ta ɗaya ce ta haife ta. Mutanen nan ba sa cikin labarin da fastocin suke bayarwa, don na sojan ruwan Amurka ne, labarin kansu suke ba 'ya'yansu.

Ƙanena yana bayan Baba, ya ce ƙara kibiya aikin minti goma ne, kuma zai yi ta da launi da salon da ba wanda zai gane ƙari ce. Wannan ɗin ne ya sa na ƙi. Idan ba a gane ƙari ce ba, mun sa wa mutanen 1944 magana a baki, kuma yaron da ya gani zai tafi da cewa Amurka ta tuna da kakanninsa alhali ba haka aka yi ba. Yadda na bar layin ninki, haka zan bar giɓin.

Abin da muka tsaya a kai shi ne taswira ta bakwai, tamu, mai ɗauke da shekarar 2025 ɓaro-ɓaro a kusurwa. Girmanta ɗaya da sauran, salon ma za mu ara, kibiyoyi masu kauri da launi mai ƙarfi, amma Afirka ta Yamma ce a tsakiya. Hanyar Takoradi zuwa Alƙahira, tashar Firitawun inda ayarin jirage ke taruwa, hanyar ruwa zuwa Indiya, Kaladan da Arakan, filayen kuza na Jos, da Zariya inda Gaskiya Ta Fi Kwabo take buga labarin yaƙin da Hausa tun 1939. Baba bai gamsu duka ba. Ya ce in dai za a rataye ta, to a rataye ta kusa da ta shida, kafaɗa da kafaɗa, kada a kai ta lungu. Na ce an gama.

15 ga Maris

Azumi ya rage wa aikin gudu. Mai injin ba ya buɗewa sai bayan azahar, wuta kuma sai ta ga dama, ga kambas ya ƙara kuɗi tun bugun Janairu. Ta biyar da ta shida suna layi, ya ce bayan salla.

Na rubuta daftarin shafin ta biyar. Tekun Koral, 4 zuwa 8 ga Mayu, 1942, karo na farko da rundunonin ruwa biyu suka gwabza ba tare da jiragensu sun hangi juna ba, jiragen sama ne suka yi aikin, kuma shi ya hana Japan isa tashar Port Moresby da ke New Guinea ta ruwa. Sai yaƙin tsibirin Guadalcanal, daga 7 ga Agusta, 1942 zuwa Fabrairun 1943. Kwana biyu da saukar sojan Amurka, jiragen Japan suka shigo da dare kusa da tsibirin Savo suka nutsar da manyan jiragen yaƙi huɗu, uku na Amurka ɗaya na Ostareliya. A watanni shidan nan sojan ruwan Amurka da suka mutu a teku sun fi sojansu da suka mutu a kan tsibirin yawa. Daftarin ya zarce shafi guda, sai na yanke. Ina ganin batun Rabaul, sansanin Japan da aka zagaye aka bari ba a auka masa ba, shi zai koma layi ɗaya.

Huɗu suna rataye yanzu, kowacce da shafinta a gefe cikin leda. Ta bakwai tana matakin fensir. Ƙanena ya zana gaɓar teku daga Dakar zuwa Rangun, mun kuma gano cewa idan Afirka ta Yamma ta zauna a tsakiya sosai, Bama za ta faɗa wajen takardar, don haka za a matsar da komai hagu. Baba ya aiko jikansa da wata tsohuwar takardar sallama daga soja ta mahaifinsa, ya ce in duba ko akwai kwanan wata da zai yi amfani. Akwai lambar bataliya a jiki. Zan bi ta in ga ko ta 81 ce ko ta 82 kafin a ja kibiyar Indiya.